Neman matoshin da zai rage wa tirampet ɗina murya

Lahadi, 3 ga Nuwamba 2024

Ni ke kula da 'yan badujalar makarantarmu a nan ƙasar Ringim. Kayanmu ganguna ne da begila biyu, sai tirampet na hannu da na saya da kuɗina. Tun da aka dawo da tsohon taken ƙasa a ƙarshen watan Mayun bana ya zama dole in iya shi sosai kafin in koya wa yara, saboda faretin Ranar Yara na 27 ga Mayu. Lokacin da nake da shi kuwa dare ne kaɗai. Da safe ina aji, da yamma ana yankan dawa da ɓarar zoɓo.

Bayan isha'i garinmu tsit yake yi, babu janareta, babu mota. Ɗakin Baba na kallon nawa, uwargida na da goyo, katanga ɗaya ta raba mu da masallaci, ga tsangaya a bayanmu. Daren da na gwada busawa a cikin ɗaki da ƙofa a rufe, washegari mai unguwa ya tare ni yana murmushi: "Malam, wa aka naɗa ba a gaya mana ba?" A kunnen mutanenmu duk wata busar ƙarfe kakaki ce, kakaki kuwa ba a busa wa talaka.

Saboda haka na shiga neman abin da zan toshe bakin ƙahon da shi. Abin da nake so shi ne kada sauti ya wuce zaure, kada matoshin ya karkatar da saitin murya, kuma iska ta riƙa wucewa yadda ba zan koyi wata busa dabam da ta gaskiya ba.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Dabarun da ba sa cin kuɗi na fara bi. Tsumma a cikin bakin ƙaho yana rage ƙara, amma sautukan ƙasa sun mutu, na sama sun kauce, kuma duk sanda ka sake tura shi wani abu dabam yake ba ka. Hula a kife a bakin launin murya kawai take canzawa, ƙarar na nan. Busawa a cikin ɗakin buhuna ta fi duka, don hatsi na shan sauti, sai dai ƙaiƙayi da ƙura ba sa barin mutum ya ja dogon numfashi.

Abu ɗaya zan riƙe daga cikinsu, wato cire ɗan kofin da ake ɗora wa leɓe a busa shi shi kaɗai. Ba ya tashin kowa, yana kuma gyara kunne, tunda babu bawul, wato madannan nan uku da ake canza sauti da su, da zai nemo maka sauti. Amma ba a koyon take da shi.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Na je Ringim wurin wani dattijo da ya yi ritaya daga badujalar 'yan sanda, kowa Saje yake ce masa. Da na faɗa masa buƙatata sai ya shiga ɗaki ya fito da tsohuwar jaka, ya zube matosai biyu a tabarma. Ya ce, "Ɗana, kafin ka ba kowa sisinka, dubi wuyan abin. Wuya shi ke gaya maka aikinsa."

Na farko dogo ne mai tsini. A wuyansa an manna sili uku na wani ɓawon itace mai laushi, irin wanda ake toshe bakin filas da shi a da. Tsakanin silin uku akwai rata, ta nan iska da sauti ke fita. Wannan ba don a yi shiru aka yi shi ba. Murya yake siranta ta, ta yi kaifi, kuma a fili ana jiyo shi daga nesa. Akwai ɗan'uwansa mai kofi a gaba, shi kuma laushi yake sa murya ta yi, amma shi ma sili uku gare shi.

Na biyu gajere ne mai tumbi, na alminiyom. Ɓawon wuyansa zobe ne da ya zagaye gaba ɗaya, babu rata, don haka duk iskar sai ta bi ta cikinsa ta fita ta rami guda a tsakiya. Shi ake kira Harmon, kuma da shi Miles Davis, mai busa tirampet na Amurka, ya yi suna. Yana da ɗan bututu da ake zarewa. Saje ya sa shi a ƙahona ya busa: ƙara ta ragu sosai, amma muryar ta koma siririya mai zizar kukan sauro, irin wadda ke ratsa labule ta hana mutum barci duk da rashin ƙarfinta.

Matoshin koyo, in ji shi, zoben wuyansa irin na Harmon ne, amma raminsa ƙanƙane ne, wani kuma ana cusa masa soso a ciki. Shi bai taɓa mallakar irinsa ba, don a bariki filin fareti suke fita su yi busarsu. Ya ara mini Harmon ɗin, ya kuma gargaɗe ni da abu biyu: kowane matoshi mai zobe yana ɗaga murya sama kaɗan, kuma yana sa busa ta yi nauyi.

Kafin in tafi ya nuna mini yadda ake sa shi: a huci cikin bakin ƙahon ya yi ɗan raɓa, a tura matoshin, a murɗa kaɗan. In ba haka ba, tsakiyar busa zai faɗo ƙasa ya lotse.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Tunda sirrin zobe ne da ɗan rami, na ga babu abin da zai hana in haɗa nawa. A kasuwar Gujungu na zaɓi 'yan goruna na duma masu dogon wuya, irin waɗanda ake yi wa yara. Na tafi da ƙahon a buhu ina gwadawa, har mai duman ya tambaye ni ko magani zan zuba. Wanda ya dace shi ne wanda wuyansa ya shiga maƙogwaron ƙahon ya tsaya, tumbinsa bai taɓa gefen baki ba.

Mai faci ya yanko mini robar cikin tayar babur, muka naɗe wuyan da ita zagaye biyu, ya manne da sholisho. An yanke kan goran, an kwashe 'ya'yan, an goge cikin. Gindin na bar shi a rufe tukuna.

Lahadi, 1 ga Disamba

Wannan makon a kan rami ya ƙare, kuma nan ne na fahimci abin da ake saya idan an sayi matoshi.

Da gindin a rufe ba a iya busawa sam, iska ba ta da mafita. Na huda da ƙaramar ƙusa mai zafi. Shiru ya samu iyakar samuwa: ƙanina na zaure ya ce bai ji komai ba. Amma ni da ke busawa ji nake iskar na dawo mini, wuya ya kumbura, kai ya yi nauyi kafin in kai ƙarshen layin farko. Na faɗaɗa ramin kaɗan kaɗan. Duk faɗin da na ƙara, numfashi na samun sauƙi, ƙara na dawowa. Babu inda ake samun duka biyun, sai dai mutum ya zaɓi inda zai tsaya. Ni na tsaya wajen milimita 5, inda daga zaure sai an kasa kunne ake ji, daga ɗakin Baba kuma da ƙofa a rufe ba a ji.

Na cusa audugar rimi a ciki, ba da yawa ba. Ta kashe zizar da ke sama ba tare da ta toshe hanya ba. Idan ta yi yawa kuwa an koma gidan jiya, wato tsumma.

Sai batun saiti. Na sa manhajar saita sauti a waya. Tirampet irin nawa, idan ka busa do ɗinsa, wato sautin farko na do-re-mi, ba ka danna bawul ba, manhajar sautin da ake kira B♭ za ta nuna. Babu matoshi allurar na tsakiya. Da goran a ciki ta haura sama sosai. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: ƙahon bututu ne mai tsawon kusan mita ɗaya da rabi a naɗe, kuma buɗaɗɗen bakinsa na cikin abin da ke yanke tsawon da iska ke kaɗawa a ciki. Ka cusa abu a nan, ka taɓa lissafin. Janyo babban bututun saiti waje yana gyara tsakiyar murya. Abin da bai gyaru ba shi ne ƙasa. Daga do na ƙasa zuwa sauti na ƙarshe, wanda ake danne bawul uku duka, goran gurnani kawai yake yi, wani sautin ma ba ya kamuwa.

Ban damu da manhajar auna ƙara ba. Makirfon ɗin waya ba a yi shi don wannan ba, kuma abin da nake son sani ba lamba ba ce. Abin da ya kamata a riƙe game da lambobin da masu sayarwa ke rubutawa shi ne, ragin desibel 10, wato ma'aunin ƙara, a kunne kusan rabin ƙara ne. Sauran hukunci na ƙanina ne a zaure da uwargida a ɗakinta.

Asabar, 14 ga Disamba

Na shiga Kano, Sabon Gari, inda masu kayan kiɗa suke. Shagon farko abin da aka miƙo mini mai sili uku ne, mai shagon na rantsuwa cewa shi kowa ke saya. Ba ƙarya ya yi ba, 'yan coci da masu kiɗan biki shi suke nema, amma ba don dare ba. A wani shagon aka lalubo mini na koyo na gaskiya daga ƙasan kwali: alminiyom, baƙi, zobe cikakke, ƙananan ramuka biyu a gaba, babu sunan kamfani a jikinsa.

Na je da ƙahona, kuma duk mai zuwa sayen wannan abu ya je da nasa. Maƙogwaron tirampet ba ɗaya ba ne daga kamfani zuwa kamfani. Matoshi biyu iri ɗaya na gwada, ɗaya ya zauna daram, ɗayan na lilo don an manna zobensa a karkace. Na busa do na tsakiya, na sauka har ƙasa a hankali ina kallon waya, sannan na hau. Mai shagon ya gaji da ni, amma ya yi haƙuri.

A gida, ya fi goran daidaito nesa ba kusa ba. Sautukan ƙasa duk sun kamu, ko da yake na ƙarshen na rawa. Shirunsa ya kai na goran. Nauyin busa kuwa ya fi, kuma shi kansa ƙarfen na rinjayar gaban ƙahon, hannun hagu na gajiya.

Lahadi, 22 ga Disamba

An yi hutu, na samu sukunin bincika waɗanda ake yabo a waje, ko da ba zan saya yanzu ba.

Denis Wick na Ingila, wanda ya daɗe yana busa tirombon, wani ƙahon ƙarfe da ya fi tirampet girma, a ƙungiyar makaɗa ta London Symphony kafin kayansa su yi suna, yana da na koyo na alminiyom. Siffar nawa ta Sabon Gari kusan tasa aka kwaikwaya. Akwai Sshhmute da ake yi a Niyu Zilan, na roba ne marar nauyi, kuma abin da aka fi yaba masa shi ne sakin iska da riƙe saiti, ba tsananin shiru ba. Akwai Best Brass na Japan, gajere ƙwarai, yana shigewa cikin bakin har a rufe akwatin ƙaho da shi a ciki.

Sai na Yamaha, Silent Brass, wanda ya fara fitowa a 1995. Shi matoshi ne mai makirfon a ciki, da waya zuwa wani ɗan akwati mai batir, daga nan zuwa abin sawa a kunne. Na waje ba ya jin komai sai ɗan zuu, kai kuma kana jin kanka kusan yadda ƙahon yake a buɗe. Amfanin wannan ya wuce jin daɗi. Mai busa da matoshi, saboda ba ya jin kansa, yakan ƙara ƙarfi bai sani ba. Idan sautin na kunnensa ba zai yi haka ba. Batir ba matsala ba ne a nan, kowane mai tireda na da shi. Kuɗin ne matsala: da canjin dala na ƙarshen 2024 ya ninka mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 fiye da sau biyu, kafin a yi maganar kawowa. Malamin firamare mai goyo a gida ba ya fara wannan zance.

A ganina, cikin huɗun, na roban nan ne ya dace da irin buƙatata. Ginin ƙasa mai kauri ya riga ya yi mini rabin aikin shiru. Abin da na rasa shi ne sakin iska.

Lahadi, 5 ga Janairu 2025

Hunturu ya kawo nasa. Zoben matoshin Sabon Gari ya bushe ya yi santsi, huci ba ya riƙe shi, ya faɗo a kan daɓe gefensa ya ɗan lotsa. Na goge zoben da samfefa mai laushi don ya yi kaushi, kuma yanzu ina shafa masa ruwa da yatsa kafin in sa. Na shimfiɗa bargo a inda nake tsayawa. Goran mai robar taya ko a jikinsa, roba ba ruwanta da bushewar iska.

Sanyi na saukar da muryar ƙaho, matoshi na ɗaga ta. A farkon busa sai su kashe juna allura ta zauna tsakiya, bayan ƙarfe ya ɗumama ta fara hawa. Don haka ba na taɓa bututun saiti sai na yi ɗan lokaci ina busawa. Ruwa ma ya fi taruwa a ciki, dole a riƙa buɗe makullin zubarwa akai akai, a kuma cire matoshin a girgiza shi, in ba haka ba audugar goran na jiƙewa ta yi wari. Ƙura kuma ta sa bawul na biyu ya fara maƙalewa, sai da na wanke na sake mai.

Na kai matoshin ƙarfen wurin mai walda ya ƙara wa ramukan biyu faɗi da ƙaramin dirili, kaɗan ƙwarai, na tsaya a kansa. Busa ta saki. Ƙanina ya ce yanzu yana ji daga zaure, amma daga ƙofar masallaci ba ya ji. Na tambayi Baba da safe ko na dame shi. Ya ce, "Ai na ɗauka ka bar abin." Wannan ya ishe ni.

Asabar, 18 ga Janairu

Maganar Saje ta biyu ta fito fili. An koma makaranta, na cire matoshi na busa wa yara taken a fili. Yatsu sun san hanya, ba inda na ɓata. Muryar ce ba ta yi mini ba: ta yi faɗi ta watse, farkon kowane sauti na fashewa, na sama kuma ina wuce su. Leɓe da ƙirji sun saba da turo iska a kan abin da ke tare ta, da aka janye shi sai ƙarfin ya yi yawa.

Na koma Ringim na mayar masa da Harmon ɗinsa na faɗa masa. Ya ce a wurinsu ma wanda ya daɗe yana busa da matoshi ana gane shi ranar fareti. Shawararsa ita ce a raba aikin. Abin da ya shafi yatsu, karatun sauti, ƙidayar kiɗa da haddar take, a yi shi da dare da matoshi, a hankali, ba da ƙarfi ba, a riƙa hutawa daidai tsawon busawa. Abin da ya shafi murya, wato dogayen sautuka, hawa da sauka da leɓe, da busa mai ƙarfi, ba a yin sa sai a buɗe. Ya ce kada in taɓa gwada sautukan can sama da matoshi, nan ne mutum ke koyon danna kofi a leɓe.

Wurin buɗaɗɗiyar busa na samu a fadama. Ina zuwa ban-ruwan alkama bayan la'asar, injinan ruwa na ta ƙara, babu gida kusa. Minti goma sha biyar zuwa ashirin kafin magariba sun wadatar. Masu tumatir na gefe sun yi dariya kwanakin farko, yanzu har wani ke cewa in busa masa na sojoji.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Inda aka kwana: matoshin Sabon Gari da aka faɗaɗa shi ne na kullum. Bututun saiti na yi masa alama biyu da biro, ɗaya ta buɗe ɗaya ta toshe, don kada in riƙa lalube. Sauti na ƙarshe na ƙasa har yanzu yana rawa, amma taken bai sauka can ba. Muryar fili ta fara dawowa tun da na haɗa da fadama, farkon sauti ya daina fashewa sai in na gaji.

Na ba wani abokina da ke aiki a Abuja saƙon ya tambayo mini kuɗin Sshhmute na roban nan. In ya zo da sauƙi zan saya bayan an sayar da alkama, in gwada shi gefe da gefe da wannan, musamman a sautukan ƙasa.

Goran bai tafi a banza ba. Yaran da ke busa begila biyu su ma ba su da inda za su yi koyo a gida, ɗayan ma kakarsa ta ce kada ya sake shigo mata da ita. Maƙogwaron begila ya fi na tirampet faɗi, goran nawa ya shige ya yi lilo, don haka sai an nemo masu wuya mai kauri. Begila ba ta da bawul, sautukanta kaɗan ne kuma ba ta dogara da na ƙasan nan da duma ke ɓatawa, ina sa ran zai fi yi mata kyau fiye da yadda ya yi mini. Ranar Lahadi mai zuwa zan tafi Gujungu da begilar guda a buhu. Ina so a gama haɗa su kafin azumi, don da an fara tarawihi da tahajjud busar dare ta tsaya ke nan sai bayan salla, kuma daga salla zuwa 27 ga Mayu bai kai wata biyu ba.